Yadda Za Ka Sa Imel Ya Riƙa Yi Maka Gadin Farashin Hannun Jari

Wanda ya sayi hannun jari, kuma yana da shago ko ofis da yake zuwa kullum, ba zai iya zama yana kallon farashi tun daga buɗe kasuwa har a tashi ba. Ko da zai iya, ba alheri ba ne gare shi, domin yawan leƙen farashi shi ke sa mutum ya sayar don firgita, ya saya don kwaɗayi. Abin da ya fi shi ne a ɗora wa na'ura wannan gadi. Ka gaya mata farashin da kake jira, ranar da aka kai wurin ta turo maka alat ta imel, kai kuma ka ci gaba da harkokinka.

Hanyar ta fi dacewa da mai riƙe hannun jari na makonni ko watanni. Imel kan yi jinkirin 'yan mintuna, balle in sabis ya yi rauni, don haka mai saye da sayarwa cikin minti biyar ya nemi wata dabarar. Amfanin imel shi ne ba ya ɓacewa: bayan wata shida za ka iya komawa ka ga ranar da aka faɗakar da kai, da abin da ka yi a kai.

Ka fara da takarda da biro

Kada ka taɓa waya tukuna. Alat ba ya yi wa kowa tunani, abin da ka gaya masa shi zai maimaita maka. Saboda haka, ga kowane kamfani da ka mallaka ko kake son shiga, rubuta farashin da za ka saya, da wanda za ka kwashi riba, da wanda za ka haƙura ka fita da asara.

A ce ka sayi hannun jarin wani kamfani a kan naira 50. Ka yanke cewa in ya kai naira 62 za ka sayar da rabi, in kuma ya sauko naira 46 za ka fita gaba ɗaya. Waɗannan lambobi biyu su ne alat ɗinka. Na biyun ne mutane suka fi ƙin rubutawa, don ba wanda ke son ya zauna yana lissafin asarar da bai riga ya yi ba. Amma shi ya fi muhimmanci. Waɗanda suka ga faɗuwar kasuwar hannayen jari ta Najeriya a 2008, bayan ta kai ƙololuwa a watan Maris na shekarar, sun san yadda abin yake: farashi na zamewa kullum, mutum na cewa gobe zai dawo, har abin da ya saya da bashin banki ya koma ba ya biyan bashin.

In ka fi son bin alƙaluma, akwai ma'aunai biyu da suka shahara. Ɗaya shi ne matsakaicin farashi na kwana 50 da na kwana 200: idan layin kwana 50 ya haura na 200, masu bin wannan dabara na ɗaukar cewa tafiyar ta karkata sama, idan ya nutse ƙasa kuwa akasin haka. Ɗayan shi ne RSI, wanda Ba'amurke J. Welles Wilder ya fito da shi a 1978. Yana tafiya daga 0 zuwa 100, an fi auna shi da kwana 14, kuma a al'ada ana cewa sama da 70 an yi wa hannun jarin rububi, ƙasa da 30 an yi masa zubarwa. A ganina sabon shiga ya tsaya a kan farashi tsagwaronsa tukuna. Waɗannan ma'aunai ba duba suke yi ba, abin da ya riga ya wuce suke taƙaitawa.

Akwati na musamman

Buɗe sabon adireshin imel don harkar jari kaɗai, ka sa masa kalmar sirri mai ƙarfi, ka kunna tsaron nan na mataki biyu da ke turo lamba ta waya. Akwatin da ka cika da tallace-tallace da gayyatar biki ba wurin ajiye alat ba ne. Shi wannan adireshin za ka bai wa dillalinka.

Inda za ka kafa shi

Fara duba manhajar dillalinka, domin wasu na da wurin sa alat, kuma farashinsu ya fi zama na lokacin. In babu, TradingView da Investing.com duk suna tura alat ta imel. Yi rajista da sabon adireshin, sannan ka nemo kamfanin da gajeren sunansa na kasuwa. A kasuwar NGX da ke Legas, simintin Dangote shi ne DANGCEM, MTN Najeriya MTNN, bankin Zenith ZENITHBANK, bankin Jaiz kuma JAIZBANK. Ka kula da wace kasuwa aka nuna a gefen sunan. Kamfanoni irin su Airtel Africa da Seplat ana cinikinsu a Legas da Landan, can da fam, nan da naira, kuma wanda ya kafa alat a kan na Landan yana jiran farashin naira zai daɗe yana jira.

Ka duba kuma ko farashin da ake nuna maka na yanzu ne ko mai jinkiri. Shafukan kyauta sukan nuna wanda ya yi baya da wasu mintuna. Ga mai dogon zango wannan ba matsala ba ce, sai dai gara ka san da shi.

Kafa alat ɗin

A TradingView, buɗe jadawalin farashin kamfanin ka danna alamar agogo. Taga za ta buɗe da tambayoyi kaɗan, kuma sauran manhajojin ma kusan haka suke.

Na farko sharaɗi. Ga naira 62 zaɓi hayewa sama, ga naira 46 zaɓi gangarowa ƙasa. Akwai zaɓin da ke faɗakarwa ko ta wane ɓangare aka ratsa lambar, shi kuma yakan cika akwati a banza idan farashi na yawo a wuri ɗaya.

Na biyu, sau nawa. Ga alat na farashi, sau ɗaya ya isa. Ga na ma'aunai kamar RSI, sa jadawalin a kan na kwana-kwana, ka zaɓi wanda ke jira sai an rufe cinikin ranar. Dalili kuwa, farashi na iya leƙawa ƙasa da layi da hantsi ya dawo kafin a tashi, kai kuma ka riga ka sayar a kan abin da bai tabbata ba.

Na uku, hanyar sanarwa: sa alama a kan imel. In kana so ka haɗa da sanarwar manhaja a waya, ba laifi.

Na huɗu shi ne wanda aka fi yin watsi da shi, wato akwatin rubuta saƙo. Manhajar kan cika shi da kanta da wani abu kamar sunan kamfani da lamba. Goge shi ka rubuta wa kanka wasiƙa, ko da Hausa ne: “Ya kai 46. Na yanke tun ranar da na saya cewa a nan zan fita. In ba rabon riba ne ya sauko da shi ba, sayar da duka.” Ranar da wannan saƙo zai iso ba a natse za ka kasance ba, zuciya za ta yi ta kawo maka dalilan ƙara haƙuri. Maganar da ka rubuta lokacin da hankalinka ke kwance ta fi wadda za ka yi a ranar.

Wata dabara kuma: kafa wani alat kafin a kai ainihin lambar, misali a naira 47.50, domin ka samu sararin duba labari ka shirya. Asusun kyauta yana da iyaka a kan yawan alat da kwanakin da zai yi kafin ya mutu, kuma kamfanonin kan sauya wannan iyaka, don haka ka ware su ga kamfanonin da ka fi zuba kuɗi.

Ka tabbata saƙon zai iso

Kafa alat na gwaji dab da farashin da ake ciki, yadda zai tashi a ranar. In ya iso, buɗe Gmail a kwamfuta, ka yi wa adireshin da ya aiko shi matata: a sa masa lakabin “Jari”, a yi masa tauraro, kada a taɓa jefa shi akwatin tarkace. Sannan a waya ka bai wa wannan lakabi ƙarar da ta bambanta da sauran. Wayoyin Android da yawa suna danne manhajoji don tattalin batir, sai imel ya ƙi shigowa har sai ka buɗe da kanka, saboda haka ka cire Gmail daga cikin waɗanda ake dannewa.

Labari, ba farashi kaɗai ba

Farashi yakan motsa ne bayan labari ya fita. Shiga Google Alerts ka rubuta sunan kamfanin tsakanin alamun zance, ka zaɓi a turo maka sau ɗaya a rana. Ka saba kuma da leƙa sashen sanarwar kamfanoni a shafin NGX, inda suke ajiye sakamakon kowane wata uku da sanarwar rabon riba.

Nan akwai tarko. Idan kamfani ya ce zai raba naira 5 a kan kowane hannu, to bayan ranar da aka tantance waɗanda suka cancanta, kasuwa na rage wannan kuɗi daga farashin. Abin da ke naira 50 sai ya wayi gari a 45, alat ɗinka na 46 ya tashi, alhali ba abin da ya samu kamfanin. Kuɗin na nan tafe zuwa asusunka, bayan an cire harajin kashi 10 cikin ɗari. Haka abin yake in an ba da ƙarin hannayen jari kyauta. Da ka ga irin wannan sanarwa, sai ka sauko da lambobinka daidai da ita. Masu kaffa-kaffa da riba ta haram kuwa suna iya bibiyar ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda aka kafa a 2012, domin ana sake tace jerin kamfanoninsa lokaci-lokaci.

Idan alat ya shigo

Buɗe manhajar dillali ka ga farashin gaske na lokacin, ka duba yawan hannayen da aka yi ciniki, domin farashin da ya motsa a kan ɗan ƙaramin ciniki ba abin dogaro ba ne sosai. Duba ko akwai sanarwa. Sannan ka aikata abin da ka rubuta, kuma ka ba da oda mai ƙayyadadden farashi maimakon ta “duk yadda ta kama”.

Alat kamar ƙararrawar mai gadi ne, tana tashe ka amma ba ta kama ɓarawo. A NGX hannun jari ba ya hawa ko sauka fiye da kashi 10 cikin ɗari a rana ɗaya, a kasuwar BRVM ta Abidjan kuwa, wadda Nijar ke cikinta, iyakar kashi 7.5 ce. Wannan kariya ce, amma tana da ɗaya fuskar. Idan mummunan labari ya fita, abin da ke naira 50 na iya zama 45, washegari 40.50, jibi 36.45, kullum masu sayarwa sun yi layi ba mai saye. Imel ɗinka ya iso a kan kari, odarka na nan a jere, ba ta shiga ba. Ba alat ɗin da ke maganin wannan, sai dai tun farko ka guji tara kuɗi mai yawa a kamfanin da ba a cika cinikinsa ba.

Mai hannun jari a Amurka ya tuna da bambancin lokaci. Kasuwar New York na buɗewa 9:30 na safe agogonsu, wato 2:30 na rana a Najeriya da Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, sauran watannin kuma 3:30, a tashi 9 ko 10 na dare. Yawancin alat ɗinka za su iso tsakanin la'asar da bayan isha'i.

Alat ɗin da ya fi kowanne

Duk hannun jarin da ka saya ta NGX, kamfanin CSCS ne ke ajiye bayanansa, kuma kana da lambar da ake kira CHN. Ka tabbata dillalinka ya yi maka rajistar lambar waya da imel ɗinka na yanzu a can, yadda duk cinikin da aka yi a asusunka za ka samu sanarwa. In ka ga an sayar da abin da ba ka ba da umarni ba, kira dillalin a ranar, ka bi da wasiƙa a rubuce, in ba a warware ba ka kai ƙara hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari.

'Yan damfara ma sun iya tura imel mai kama da alat: “wannan hannun jari zai ninka cikin mako, danna nan.” Alat ɗin da ba kai ka kafa ba, ba naka ba ne. Kada ka danna mahaɗin da ke ciki, shiga manhajar da kanka ka duba. Duk wanda ya ce shi dillali ne, nemi sunansa a jerin masu rajista da ke shafin SEC kafin ka tura ko kwabo.

A ƙarshen kowane mako ka buɗe lakabin “Jari” ka bi abin da ya shigo. Sabunta alat ɗin da ya kusa mutuwa, goge na kamfanonin da ka fita, in kuma hannun jarin ya hau, ɗaga lambar fita ta bi shi: wanda ka saya a 50 ya kai 60, lambar 46 ta tsufa, mai da ita 55.