Darasin Ilmin Taurari: Tauraron Da Ya Tsufa

Manoman Gonin Gora, a Ƙaramar Hukumar Chikun, sun san Gamzaki, sun san Kaza da 'Ya'yanta. Amma akwai abubuwa a sama da ido kaɗai ba ya gani. Darasin wannan wata a kan ɗaya daga cikinsu ne.

A kudancin sama akwai wani dushi-dushin haske mai kama da hayaƙi. Masana suna kiransa Heliks. Wani Bajamushe mai suna Karl Harding ne ya gano shi wajen shekarar 1824. A hoto yana kama da ƙwayar ido, da ɗan ɗigon tauraro a tsakiya.

Mene ne wannan hayaƙi?

Tauraro ma yana tsufa. A da, wannan tauraro irin ranarmu ne. Da makamashinsa ya kusa ƙarewa, sai ya kumbura, ya watsar da iskar da ke jikinsa ta waje. Iskar ce ta kewaye shi kamar zobe. Abin da ya rage a tsakiya ƙarami ne, bai fi girman duniyarmu sosai ba. Kamar garwashi ne bayan itace ya cinye. Amma zafinsa ya haura digiri 100,000, alhali na fuskar rana wajen digiri 5,500 ne. Haskensa ne ke sa hayaƙin ƙyalli.

Yaya nisansa yake?

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga rana zuwa nan minti 8 yake yi. Daga Heliks kuwa sai ya yi wajen shekara 650. Wato hasken da ke isowa yanzu ya taso ne tun zamanin Sarkin Kano Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385.

Ranarmu fa?

Masana sun ce ita ma haka za ta yi, amma sai bayan wajen shekara biliyan 5. Saboda haka idan an yi husufi, kada wani ya tsorata jama'a cewa rana ta mutu. Wata ne kawai ya shiga tsakaninta da duniya na ɗan lokaci.

Yadda ake neman Heliks

Lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Oktoba da farkon Nuwamba, bayan ɗaukewar ruwa, kafin hazo ya sauka. A zaɓi daren da babu farin wata, bayan isha'i. Fitilun Kaduna da na motocin hanyar Abuja suna dushe shi, don haka sai an sami wuri mai duhu, kuma mai aminci. Da tabaron hangen nesa ana iya ganin hayaƙin. Tauraron tsakiya kuwa sai da babban madubin duba taurari.

Tambayoyi

1. Daga ina hayaƙin Heliks ya fito?
2. Shekara nawa haskensa ke yi kafin ya iso?
3. Me ke kawo husufin rana?