Kare Tambarin Sana'ar Gida: Launi, Siffa, Ƙamshi da Sauti

Gidaje da yawa na rufin asiri da sayar da yaji, zoɓo, humra ko sabulu. Mai saye kuwa bai cika karanta suna ba, jan murfi ko siffar kwalba yake hangowa tun daga bakin shago. Doka na iya kare wasu daga cikin waɗannan alamomi.

1. Kada ku dogara da takardar CAC, rajistar sunan kasuwanci ce kawai. Rajistar tambari a Abuja ake yin ta, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Shekara 7 take yi da farko, sannan a riƙa sabunta ta duk bayan shekara 14.

2. Ku haɗa da kwali da launi wajen rajista. A 2004 kamfanin Ferodo, mai kayan birkin mota, ya sha kaye a Kotun Ƙoli a ƙarar da ya kai kamfanin Ibeto kan kwali mai zanen ja da baƙi da fari. Kotu ta ce sunan kaɗai rajistarsa ta kare, adon kwalin bai shiga ba. Gyaran da aka yi wa dokar tambari a 2023 ya shigar da siffar kaya, da mazubinsu, da haɗin launuka. Wanda ya yi sakaci yanzu, shi ya so.

3. Ku tsaya kan launi guda. Yau kore gobe ruwan ɗorawa, wa zai gane ku? Jan zoɓo dai na kowa ne, ba a mallakarsa. Ku kuma adana rasit ɗin maɗaba'a da hotuna masu kwanan wata saboda ranar shari'a.

4. Ƙamshi ne mai wuya. Kamfanin Chanel ma ya nemi rajistar ƙamshin turarensa a Birtaniya bai samu ba, domin ƙamshin shi ne hajar kanta. Mai haɗa humra, gara ki riƙe sirrin haɗinki, kada 'yan aiki su san ma'aunin kowane sinadari.

5. Masu waƙar talla a Nijar, Chadi da Kamaru na iya rajistar sauti tun 2022 a hukumar OAPI da ke Yawunde, kuma rajista ɗaya na aiki a ƙasashe 17. Najeriya ba ta ciki, don haka mai kai kaya Maraɗi daga Katsina sai ya yi rajista biyu.