Darasi: Karin Kumallo Mai Sauƙin Kuɗi

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, mu da hatsi ke bi ta hannunmu, bai kamata shayi da burodi su cinye mana riba ba. Gero da wake sun isa. A jiƙa gero, a niƙa da citta da kanumfari, a tace, gasara ta kwana, da safe a dama koko. Dusar kuwa ta akuya ce. Ƙosai na shan mai. In mai ya yi tsada, sai ɗanwake ko ɗumamen tuwo da miyar kuka. Asirin dai sayen kaka ne: mu auni na gida tun sabon gero na shigowa Dawanau, kafin tsadar damina. Wake kuma a toshe shi kada iska ta shiga, saboda ƙwari.