Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa safar hannu mai launi biyu take tsukewa?

TAMBAYA: Na jima ina saƙa kayan sanyi na jarirai, hula da safa da 'yar riga, amma duk da zare launi ɗaya. Bana na ga hoton wata safar hannu ta ƙasashen Turai mai zanen taurari fari da baƙi, sai na gwada. Da na gama ta tsuke, hannu ba ya shiga, wadda ta shiga kuma yatsun yarona suna sarƙewa a zaren ciki. Ina matsalar take? Sannan anya irin wannan saƙa ta dace da garinmu mai zafi? Daga wata mai karatu, Sabon Gari, Sakkwato.

AMSA: Malama, ki juya safar nan ciki-waje ki duba, matsalar tana nan. A saƙar launi biyu, duk lokacin da kike aiki da farin zare, baƙin yana bin bayan saƙar yana jiran a zo kansa. Idan kika ja shi da ƙarfi sa'ad da kika koma gare shi, sai ya tattare idanun saƙar da ya tsallake, safar ta ƙanƙance. Idan kuma ya yi tsallake mai nisa ba a kama shi ba, sai ya bar rataya, ita ce take kama yatsun yaro. Wanda ya iya da wannan zaren na baya ya iya saƙar gaba ɗaya.

Ga yadda masu sana'ar suke yi. Kafin ki canza launi, ki baza idanun da ke kan tsinken hannun dama, su zauna sakayau, sannan ki ɗauko ɗaya zaren ki shimfiɗa shi a bayansu ba tare da ja ba. Kada zare ya tsallake fiye da ido biyar. Idan zanen ya fi haka faɗi, ki murɗa zaren biyu a tsakiya don na bayan ya kamu. A kayan yara ma ido uku ya isa. Na jarirai sabbin haihuwa kuwa gara ki bar cikinsa sumul, ki yi adon a wuyan hannu kawai, domin zare na iya naɗe ɗan yatsa ya hana jini gudu, jaririn yana ta kuka ba a san dalili ba.

Ki riƙa saƙawa a zagaye da tsinkaye huɗu ko biyar masu baki biyu, don fuskar zanen ta kasance a gabanki koyaushe. Ki ɗauki tsinke wanda ya ɗan fi wanda kika saba kauri. Wasu ma suna juya aikin, bayansa ya koma waje yayin saƙa, saboda zaren da ya zagaya ta waje dole ya fi tsawo. Idan za ki iya, ki riƙe launi ɗaya a hannun dama, ɗaya a hagu, kuma kada ki sauya musu hannu har ki gama; launin da yake bi ta ƙasa shi ne yake fitowa sosai, don haka shi za ki ba zanen. Launi biyu kacal a kowane layi. Kina iya sauya su bayan 'yan layuka, har safar ta fito da launi biyar ko shida, amma kowane layi biyu ne.

Batun girma kuma lissafi ne. Ki fara saƙa ɗan gwaji da zanen a jikinsa, ki auna. A ce ido 24 ne suka ba ki santimita 10, zagayen tafin hannun kuma santimita 20 ne, to ido 48 za ki ɗora. Wannan adadi yana rabuwa gida 4, gida 6 ko gida 8, kin ga ƙananan zane da yawa za su zauna daidai. Ki zana adon a littafin lissafi mai gida-gida, kowane gida ido ɗaya. Wurin babban yatsa sai ki zare idanunsa a kan wani guntun zare, ki ci gaba, in kin rufe saman safar ki dawo kansa. Don ki san ko launukan za su fito, ki ɗauki hotonsu da waya ki mayar da shi fari da baƙi: idan suka saje, a saƙa ma za su saje.

Safar da kika gani da alama ta Selbu ce, wani gari a ƙasar Norway, inda wata budurwa makiyayiya mai suna Marit Emstad ta fara saƙa fari da baƙi a 1857, tauraro mai tsini takwas ya zama tambarinsu. A tsibirin Fair Isle na Sikotilan ma suna da tasu, wadda ta yi tashe bayan Yariman Wales ya sa rigarta a 1921. A Latbiya kuwa amarya ce take saƙa safar hannu da yawa ta rarraba wa dangin miji, kuma a taron ƙungiyar NATO da aka yi a Riga a 2006 an saƙa wa baƙi safar hannu saiti 4,500. Amma kada ki ɗauka abin na Turawa ne tun asali. Tsofaffin saƙar tsinke da aka tono a duniya safunan ƙafa ne daga Masar, na tsakanin ƙarni na 11 da na 13, an yi su da auduga, fari da shuɗin baba, wasu har da rubutun Larabci. Ƙasa mai zafi ce, zaren kuma irin namu ne.

Saboda haka ba dole ba ne ki tsaya kan tauraron Norway. Dagin Arewa yana zama da kyau a bayan hannu, domin layukansa sirara ne masu gicciye, zare ba ya tsallake da nisa. Haka zanen faifai da na tabarma. Aska irin ta babbar riga ce ba ta dace ba, filinta yana da faɗi.

Ko ta dace da Sakkwato? Wanda ya fita sallar asuba a watan Disamba ko Janairu ya san amsa. Saƙar launi biyu ninki biyu ce, iskar hunturu ba ta ratsa ta kamar ta launi ɗaya. 'Yan makarantar boko da na allo suna bukata, tsofaffi ma haka. 'Yan kabu-kabu kuwa ki yi musu wadda ta tsaya a gindin yatsu, don su iya riƙe birki da ƙirga canji. Ita ce ma ta fi saurin gamawa, kuma da ita ya kamata ki fara koyo. Daga nan sai hula, wadda ba ta da yatsa ko ɗaya.

Sai ki lura da zare. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su wanda ba ya kaɗuwa, shi ya sa yawancin ulun da za ki samu a kasuwa na roba ne da aka yi a masana'anta. Ya isa sanyinmu, yana da sauƙin wanki, amma ba ya son guga mai zafi, kuma abin da ya tsuke a kan tsinke ba zai saki a ruwa ba yadda ulun tumaki yake yi. Ki sayi launukan daga kamfani ɗaya, kauri ɗaya, ki jiƙa guntun mai duhun a ruwan ɗumi ki ga ko yana zuba kafin ki haɗa shi da fari.

Wadda ta tsuke ɗin, ki warware ta ki sake, zaren bai lalace ba. Idan kuma da niyyar sayarwa kike, tun ran gini ran zane: sanyinmu bai wuce wata uku ba, ki fara tara kaya tun damina, yadda buji na sauka za ki baje su. Allah ya sa albarka a sana'a.