Magani ko Tiyata? Lissafi Kafin Yanke Shawara

Karatu: Luka 14:28-30, Misalai 15:22

A cikin Bisharar Luka, Ubangiji Yesu ya ba da misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci. Maganar a kan almajiranci take, amma hikimarta ta shafi iyalin da likita ya ce wa mahaifinsu: ko a ci gaba da shan magani, ko a yi aiki.

A ɗauki misalin dattijo manomin citta a Kwoi wanda fitsari ke yi masa wuya, yana tashi sau da yawa cikin dare. A asibiti, ko a Kwoi ko a Kafanchan, an gano cewa furostet ɗinsa, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ya kumbura saboda shekaru, ba ciwon daji ba ne. Akwai ƙwaya irin tamsulosin da ke sassauta hanyar fitsari cikin 'yan kwanaki, sai dai takan sa jiri. Akwai finasteride da ke rage kumburin, amma takan ɗauki kamar wata 6 kafin a ga amfaninta. Dukansu ana shan su ne shekara da shekaru, kuɗinsu kuwa kowane wata ne. Tiyata ta fi buɗe hanya, amma tana tattare da zubar jini, kwanaki da robar fitsari, da babban kuɗi a lokaci ɗaya. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin kuma maniyyinsu yakan riƙa komawa mafitsara, abin da kunya kan hana a faɗa a gaban 'ya'ya, alhali ya shafi mutumin da matarsa.

Likita ya san cutar. Amma wanne ya fi wa dattijon nan nauyi, tashin dare ko haɗarin wuƙa, shi kaɗai ya sani.

Domin irin wannan ne aka ƙirƙiro takardar taimakon zaɓi. A Amurka, Dokta John Wennberg da abokan aikinsa sun kafa wata gidauniya a 1989, kumburin furostet kuwa yana cikin abin da suka fara shirya wa marasa lafiya bayani a kai. Takardar takan jera hanyoyin da ake da su, har da jira ana lura. Takan nuna cikin mutum 100 nawa suka sami sauƙi, nawa suka gamu da matsala, sa'an nan ta tambayi mara lafiya abin da ya fi damunsa. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2017, wanda ya haɗa bincike 105, ya nuna cewa masu amfani da ita sun fi fahimtar haɗarin da ke gabansu, ruɗewarsu kuma ta ragu.

Inda babu bugaggiyar takarda, littafin rubutu na ɗan makaranta ya isa. A raba shafi biyu, magani a hagu, tiyata a dama, a rubuta amsar likita a kan amfani, haɗari, kuɗi, da kwanakin da za a yi ba a je gona ba. Tambayar likita ba raini ba ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a bayyana wa mara lafiya hanyoyin jinya, amfaninsu, haɗarinsu da kuɗinsu, cikin harshen da yake ji. Wanda Hausa ko Hyam ya fi ji, yana da ikon neman a fassara masa.

Misalai 15:22 ya yabi yawan mashawarta, amma shawara dabam take da ƙwace magana. Sau da yawa ɗan da ke aiko da kuɗi daga Abuja shi ke yankewa ta waya, mai jikin kuwa yana zaune shiru. Wannan bai dace da girmama iyaye ba. Haka nan fasto ko dattijon ikkilisiya da ya zo addu'a, bai kamata ya sa mai bi ya ji cewa yarda da tiyata rashin bangaskiya ne ba. Annabi Ishaya da kansa ya sa a ɗora wa Sarki Hezekiya curin ɓaure a kan marurunsa (Ishaya 38:21).

Akwai dai lokacin da babu zaɓi. Idan fitsari ya tsaya gaba ɗaya, ko gwaiwa ta maƙale tana zafi da amai, ko naƙuda ta ƙi ci gaba, ba a zaman lissafi, ba a jiran ɗan'uwa ya iso daga birni. A kai mutum asibiti a daren nan.