BABI NA TARA: AUNA SAURARO DA FAHIMTAR KARATU A HARSHEN INGILISHI

9.0 Gabatarwa

Masana koyar da harshe sun kasa ƙwarewar harshe gida 4, wato sauraro da magana da karatu da rubutu. Sauraro da karatu su ne hanyoyin karɓar saƙo, magana da rubutu kuwa hanyoyin isar da shi. Malami yana jin maganar ɗalibi da kunnensa, yana kuma ganin rubutunsa da idonsa, amma fahimta a zuci take, ba a ganin ta. Sai an sa ɗalibi ya aikata wani abu kafin a gane ko ya fahimta. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake auna sauraro da fahimtar karatu a harshen Ingilishi a tsakanin yaran da Hausa ce harshensu na yau da kullum. An ɗauki misalai daga unguwannin Kaduna da ke arewacin kogi, irin su Kawo da Unguwar Rimi da Badarawa da Malali da Unguwar Sarki.

Darasin ya shafi ɗalibin Hausa ta fuska 2. Da farko, a makarantun firamare da dama malami guda ne yake riƙe aji, ya koyar da yawancin darussa. Na biyu, wanda ya nazarci tsarin sautin Hausa ya fi kowa sanin inda Bahaushe yake tuntuɓe a Ingilishi.

9.1 Matsayin Ingilishi a Aji

Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda aka fara fitarwa a shekarar 1977, ta ba harshen uwa gurbi a farkon karatu. Bugun 2004 ya tanadi a koyar da yaro da harshen muhallinsa a shekaru 3 na farkon firamare, Ingilishi yana matsayin darasi, sannan daga aji 4 a koma koyarwa da Ingilishi. A shekarar 2022 gwamnatin tarayya ta amince da faɗaɗa amfani da harshen uwa zuwa shekaru 6, amma a shekarar 2025 ministan ilimi ya sanar da soke wannan tsari, aka mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga tushe.

Ko wane tsari ake bi, halin da yaro yake ciki a Kawo ko Badarawa bai sauya ba. Da Hausa yake wasa, da ita ake aiken sa kasuwa, ko da iyayensa Gbagyi ne ko Fulani ko Nufawa ko Yarbawa. Yawancin Ingilishin da yake ji a aji yake jin sa. Idan bai fahimci Ingilishi ba, lissafi da kimiyya ma sun kuɓuce masa. Saboda haka wajibi ne malami ya san matakin da kowane yaro yake.

9.2 Mene ne Ake Aunawa?

A shekarar 1986 masana 2, Philip Gough da William Tunmer, sun yi bayanin cewa fahimtar karatu tana samuwa ne daga haɗuwar abubuwa 2: iya mayar da rubutu zuwa furuci, da fahimtar harshen idan an ji shi. Sun kwatanta dangantakar da lissafin sau, ba na tarawa ba. Ma'ana, idan ɗaya ya zama sifili, to sakamakon ma sifili ne. Bisa wannan, ana iya samun ɗalibai iri 4 a aji:

(a) Mai iya furta rubutu, mai kuma fahimtar abin da ya ji. Wannan shi ne makarancin da ake nema.
(b) Mai karantawa a bayyane tiryan-tiryan, amma bai san ma'anar abin da ya karanta ba.
(c) Mai fahimta idan an karanta masa, amma ba ya iya haɗa baƙi da wasali da kansa.
(d) Wanda ya rasa duka biyun.

Ɗalibi (b) da (c) da (d) duk za su faɗi gwajin karatu, wataƙila ma da maki iri ɗaya, alhali cutarsu ta bambanta. Na (b) kalmomi da yawan sauraro yake bukata, na (c) kuwa horo kan haruffa da sautukansu. Gwajin da bai rarrabe su ba ya nuna akwai ciwo, amma bai nuna inda yake ba. Wannan ne ya sa ake auna sauraro daban, karatu daban, sannan a kwatanta sakamakon.

9.3 Auna Sauraro

Gwajin sauraro yana da matakai 3.

Mataki na farko shi ne bambance sauti. A Hausa sautin p da f ba sa bambanta ma'ana. Ko an ce famfo ko pampo, abu guda ake nufi. A Ingilishi kuwa pan daban, fan daban. Haka kuma Hausa ba ta da v, don haka van da ban sukan zo wa yaro a matsayin kalma ɗaya. Sautin farko na think yakan koma s, ta yi kama da sink. Hausa tana da wasula 5, kowane da dogo da gajere, da tagwan wasali 2, Ingilishin Ingila kuwa yana da wasula kimanin 20. Bugu da ƙari, gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe 2 a jere, shi ya sa bread ta zama burodi, driver ta zama direba. Malami zai tsara kalmomi biyu-biyu waɗanda sauti ɗaya kaɗai ya raba su, wato zubin kamantau, ya furta su, ɗalibi ya rubuta 1 idan kalma ɗaya ya ji sau biyu, ko 2 idan kalmomi ne mabambanta. Ya kamata malami ya tsaya a bayan aji, domin kada yara su karanci leɓɓansa. Idan shi kansa bai tabbatar da furucinsa ba, ya nemi abokin aiki ya naɗa masa muryar a waya.

Mataki na biyu shi ne bin umarni. Malami zai ce, misali, Draw a tree beside the house, ɗalibi ya zana. Fa'idar wannan ita ce ba a bukatar karatu ko rubutu, don haka sauraro zalla aka auna.

Mataki na uku shi ne fahimtar zance mai ɗan tsawo. A karanta gajeren labari da saurin magana na yau da kullum, sannan a yi tambayoyi da baka. A firamare ana karantawa sau 2. A jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu a ƙasashen waje suke yi, sau 1 ake sauraro, a amsa tambayoyi 40, amma wannan ma'aunin manya ne.

Sharuɗɗan da za a kiyaye su ne:

(a) Kada a rage maki saboda kuskuren rubuta kalma, matuƙar amsar ta fito. Shifta tana da nata lokacin.
(b) Kada labarin ya yi tsawon da zai koma gwajin hadda.
(c) A tabbatar na baya yana ji kamar na gaba. Ajin da ke bakin babban titi irin na Ali Akilu ko na Ahmadu Bello, a zaɓa masa lokacin da hayaniyar motoci ta lafa, ko a kasa yaran rukuni-rukuni.

9.4 Auna Fahimtar Karatu

Abu na farko shi ne zaɓen matani. Ya zama sabo, wanda ba a taɓa karantawa a aji ba, in ba haka ba hadda za a auna. Amma ya zama a kan abin da yaro ya sani a rayuwa. Labarin tashar motar Kawo ko hawan dawaki a Filin Murtala ya fi dacewa da labarin dusar ƙanƙara. A kula kuma kada sanin ya yi yawa har yaro ya amsa ba tare da ya karanta ba. Tambayar sunan kogin da ya ratsa Kaduna ba ta auna karatun ɗan Kaduna.

Abu na biyu shi ne tsara tambaya. A dubi wannan jimla ta ƙage: The dop mibbed a zan. Idan aka tambaya, What did the dop mib? ɗalibi mai wayo zai amsa a zan, ya ci maki, alhali kalmomin 3 ba su da wata ma'ana a Ingilishi. Tsarin jimla kawai ya bi. Tambayoyi da yawa da ake yi a aji irin wannan ne: yaro ya nemo kalmar da ta yi kama da ta cikin tambaya, ya kwafe layin. Maganin wannan shi ne a gauraya tambayoyi iri 3. Ga misali:

Ladi went to Kawo to meet her aunt. The bus from Zaria was late, so she bought groundnuts and sat under a tree.

(a) Tambayar sarari, wadda amsarta take a fili: ina Ladi ta je?
(b) Tambayar hasashe, wadda sai an haɗa jimla da jimla: daga wane gari 'yar'uwar da Ladi take jira za ta zo? Matanin bai faɗa kai tsaye ba.
(c) Tambayar ma'anar kalma ko wakilin suna: wa ake nufi da she?

Akwai kuma gwajin cike gurbi, inda ake cire kowace kalma ta 7 daga matani, ɗalibi ya mayar da wadda ta dace. Ga ƙananan azuzuwa kuwa akwai gwajin minti 1: yaro ya karanta a bayyane, malami ya ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, sannan ya yi masa tambayoyi kan iyakar inda ya kai. Wannan shi ne ginshiƙin gwajin EGRA da aka ƙirƙira a shekarar 2006, wanda aka gudanar da Hausa da Ingilishi a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina a shekarar 2014.

9.5 Gudummawar Hausa Wajen Gano Matsala

Yaro yana iya fahimtar matanin Ingilishi, amma ya kasa ƙera jimlar amsa da Ingilishi. Idan aka ba shi sifili, an hukunta shi ne a kan magana ko rubutu, ba a kan fahimta ba. A gwajin aji, wanda manufarsa gano matsala ce, babu laifi malami ya ce, "Faɗa mini da Hausa abin da ya sami Ladi." Idan ya faɗa daidai, an san fahimta tana nan, furtawa ce ta rage. Haka kuma a ba shi matanin Hausa mai irin wannan nauyi. Idan ya karanta Hausar ya kasa Ingilishin, ƙarancin kalmomin Ingilishi ne matsalarsa. Idan ya kasa duka, bai riga ya iya karatu ba, kuma gyaran ya fi sauƙi ta harshen da yake ji. A jarrabawar ƙarshe dai da Ingilishi zai amsa, don haka a riƙa janye wannan tallafi sannu a hankali.

Bayan an duba takardu, malami ya auna tambayoyinsa su ma. A aji mai ɗalibai 60, tambayar da 58 suka ci ba ta rarrabe kowa ba. Wadda 4 kaɗai suka ci, a sake duba ta, mai yiwuwa lafazinta ne ya rikita su. Idan masu ƙoƙarin aji suka faɗi wata tambaya, raunana suka ci, to tambayar ce take da aibu.

9.6 Manyan Jarrabawa da Nauyin Sakamako

A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, 'yan Nijeriya suna amsa tambayoyi 60 na zaɓi kan sautukan Ingilishi a takarda, ba tare da sun saurari murya ba, alhali a Ghana da Gambiya da Saliyo sauraro ake yi. Illar wannan ita ce malamai sukan koyar da alamomin sauti a allo, su yi watsi da horar da kunne, domin abin da jarrabawa ta tambaya shi ake koyarwa. Ya rage wa malamin aji ya cike wannan giɓi.

Sakamakon gwaji yana iya sauya rayuwar mutum. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna, a zamanin Gwamna Nasir El-Rufai, ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 gwaji na matakin aji 4, ta kuma sanar cewa 21,780 ba su kai maki 75 cikin 100 ba. An sallame su, ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa, har ta shiga yajin aiki a watan Janairun 2018. Darasi 2 ne a nan ga malamin gobe. Na farko, shi ma za a auna shi, don haka ya inganta saurarensa da karatunsa. Na biyu, tun da maki yana da irin wannan nauyi, amana ce a wuyan mai gwaji ya tabbatar cewa abin da ya ce zai auna shi ya auna, kuma da wani malami ne ya duba takardar, da makin bai sauya ba. Waɗannan su ne inganci da tabbaci a fagen aunawa.

9.7 Kammalawa

An ga cewa fahimta ɓoyayya ce, sai ta hanyar aiki ake gane ta. An nuna matakan auna sauraro 3, da dabarun zaɓen matani da tsara tambaya, da yadda Hausa take taimakawa wajen rarrabe wanda bai ji ba da wanda bai iya karantawa ba da wanda amsawa ce ta gagare shi. Gwaji mai amfani shi ne wanda, bayan an gama shi, malami ya san abin da zai koyar gobe da wanda zai koya wa.

9.8 Jinga

1. Kawo ire-iren ɗalibai 4 bisa bayanin Gough da Tunmer, tare da irin taimakon da ya dace da kowane.
2. Tsara zubin kamantau guda 10 na Ingilishi waɗanda za su iya rikita Bahaushe, ka bayyana dalili daga tsarin sautin Hausa.
3. Rubuta matanin Ingilishi mai kalmomi 80 kan wata kasuwa ko tasha da ke unguwarku, ka fitar da tambayoyi 5, aƙalla 2 su zama na hasashe.
4. A lokacin gwajin koyarwa, auna ɗalibai 5 a sauraro da karatu daban-daban, ka rubuta rahoton abin da ka gano.