An ce ciwon barcinsa mai sauƙi ne, amma yana gyangyaɗi a kan sitiyari

Zuwa ga Likita: Ina zaune a Gyadi-Gyadi. Maigidana shekarunsa 48, yana da jiki, kuma yana shan maganin hawan jini iri biyu. Ya daɗe yana minshari, amma abin da ke tayar min da hankali shi ne yadda numfashinsa kan ɗauke cikin barci, ya yi shiru, can sai ya fizgo shi kamar wanda aka shaƙe. Da rana kuwa gyangyaɗi ne har a shagonsa na kasuwar Tarauni, kuma kwanan baya barci ya sace shi a kan sitiyari a cunkoson titin Zariya. Da ƙyar na shawo kansa aka yi masa gwaji da na'urar da ake kwana da ita a gida. An ɗaura ta daga goma na dare zuwa biyar na asuba, ga zafi ga ba wuta, ya yi kusan awa biyu yana juyi bai runtsa ba. Takarda ta fito da AHI 12, aka ce mai sauƙi ne. Yanzu ya ce magana ta ƙare, ba zai koma asibiti ba. Ni ce na cika tsoro?

Wata uwargida, Gyadi-Gyadi

Amsar Likita: Tsoronki yana kan hanya, kuma maganar ba ta ƙare ba. Lambar AHI da ke takardar lissafi ce: a ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu cikin dare, a raba da awannin barci. Idan iskar da ke shiga ta kusa yankewa gaba ɗaya na daƙiƙa 10 ko fiye, an ƙirga ɗaya. Idan ta ragu da kashi 30 cikin ɗari na daƙiƙa 10, kuma oksijin na jini ya sauka ko ƙwaƙwalwa ta ɗan farka, nan ma an ƙirga ɗaya. Ƙasa da 5 a awa lafiya lau ne, 5 zuwa 14 mai sauƙi, 15 zuwa 29 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Kin ga kalmar da maigida ya riƙe sunan aji ne na ƙidaya, ba ta ce komai ba game da halin da mutum ke ciki da rana.

Ita kanta lambar akwai abin dubawa a cikinta. Galibin na'urorin gida suna auna iskar hanci, motsin ƙirji da oksijin a yatsa, ba sa auna ƙwaƙwalwa, don haka ba su san lokacin da mutum ya yi barci da lokacin da yake kwance ido biyu ba. Sai su raba da duka awannin da aka ɗaura su. Mu yi lissafin tare: 12 sau awa 7 ya ba da 84. Idan barcin gaske awa 5 ne, kamar yadda kika faɗa, 84 a raba 5 ya kusa 17, ya tsallaka zuwa ajin matsakaici ke nan ba tare da an ƙara ko ɗaya ba. Sannan raguwar numfashin da ke ƙarewa da ɗan farkawa kawai, ba tare da oksijin ya sauka ba, irin wannan na'ura ba ta ganinta. Ƙa'idar ƙirgawa ma ba ɗaya ba ce. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta zaɓi saukar oksijin da maki 3 ko farkawa a 2012, amma har yanzu wasu na aiki da maki 4, kuma dare guda na mutum guda kan ba da lambobi biyu masu nisa da juna gwargwadon ƙa'idar da aka bi. Ƙari a kan haka, wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya gano cewa na'urar yatsa ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata, kusan ninki uku na yadda take yi a farar fata. Dare ma yakan bambanta da dare: kwanciyar rigingine da barcin mafarki, wanda ya fi yawa gab da asuba, su suka fi rufe maƙogwaro. Duk waɗannan, in ban da na ƙarshe da kan iya karkata ko ta ina, suna jan lambar ƙasa ne.

Maigida zai iya cewa, to ashe kuɗin gwajin asara aka yi. Ba haka ba ne. Gwajin ya tabbatar da cewa maƙogwaronsa na rufewa cikin barci, kuma tun da na'urar gida ragi takan yi, abin da ta nuna galibi bai kai abin da ke akwai ba. Zai kuma iya cewa kowane magidanci mai jiki yana minshari, ana tsoratar da mutane ne kawai. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin wani bincike a birnin Lozan na Suwizalan a 2015 ya sami kusan rabin mazan da suka kai shekara 40 da lambar 15 ko fiye, kuma ba dukansu ke buƙatar magani ba. Amma wannan hujjar goyon bayanki take yi. Tun da lamba ita kaɗai ba ta raba mai ciwo da mai lafiya, dole a dubi mutumin. Likitoci na ɗaukar lambar 5 zuwa sama a matsayin ciwo idan ta zo da barcin rana, ko shaidar wanda ya ga numfashi na ɗaukewa, ko hawan jini. Maigidanki ya haɗa duka ukun. Wanda ke da 20 yana wartsake da rana ya fi shi kwanciyar hankali a kan titi.

Abin yi shi ne ku nemi cikakken rahoton gwajin, wanda ya nuna awannin da aka raba da su, ƙa'idar da aka bi, mafi ƙarancin oksijin da ya kai, da lambar kwanciyar rigingine. Ku kai shi ga likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa da ku. Ki ɗauki numfashinsa a waya cikin dare, da saninsa, domin mai barci bai san abin da yake yi ba, kuma jin kansa da kunnensa kan sauya ra'ayin namiji fiye da magiya. Likita ne zai yanke ko a sake gwajin, ko a yi cikakke mai auna ƙwaƙwalwa, ko a fara magani. Rage ƙiba, kwanciya a gefe da guje wa ƙwayoyin sa barci suna taimakawa. Na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya fito da ita a Ostireliya a 1981, tana hura iska ta hanci don riƙe maƙogwaro a buɗe, kuma ta fi tasiri wajen kawar da barcin rana. Tana ɗan rage hawan jini, amma ba ta maye gurbin ƙwayoyinsa. Matsalar wuta gaskiya ce, sai dai ana haɗa ta da batir ko sola.

Abu ɗaya ne ba zai jira likita ba. Mutumin da barci ya taɓa sacewa a kan sitiyari bai kamata ya ci gaba da tuƙi ba har sai an shawo kan gyangyaɗin, don ransa da rayukan masu tafiya a gefen titi. Idan ya ƙi jin taki, ki sa yayansa ko amininsa da yake jin nauyi ya yi masa magana a cikin makon nan.